Likita ya ce bai cancanta ba, sai ga shi cikin kaki: yadda sassaucin lafiya ke aiki a sojan Amurka

Yaya ake yi likitan soja ya duba matashi tun daga ƙwayar ido har tafin ƙafa, ya rubuta cewa bai cancanci aikin soja ba, amma bayan wata biyu ko uku a tsinci yaron nan a sansanin horo da askin ƙwal-kwabo yana fareti? An yi masa alfarma ne? Ko kuwa rundunar ce ta rasa mutane har ta fara kwasar kowa?

Wannan tambaya ta sake tasowa a Amurka a watan Yulin 2025, lokacin da sakataren tsaro Pete Hegseth ya fitar da jerin cututtukan da ya ce daga yanzu ba za a ƙara ɗaga wa mai su ƙafa ba. Masu jin labarin daga nesa suka rabu biyu: wasu suka ɗauka an rufe ƙofa ga duk mai wata larura, wasu kuma suka ɗauka a da can ana ɗaukar marasa lafiya birjik. Duka biyun sun yi kuskure. Maganar ta shafi namu ma, domin akwai 'ya'yan Hausawa daga Gana da Nijar da Najeriya a Bronx ta birnin New York da birnin Greensboro na jihar North Carolina da wasu garuruwan, waɗanda ke da katin zama na dindindin, kuma doka ta ba su damar shiga soja kamar kowane ɗan ƙasa.

Hukunci biyu ne, ba ɗaya ba

Tushen ruɗanin shi ne mutane na ɗaukar abin a matsayin hukunci guda, alhali hannu biyu ne daban ke sa hannu.

Na farko shi ne likitan cibiyar tantancewa, wadda ake kira MEPS. Akwai irin waɗannan cibiyoyi 65, kuma duk mai son shiga sojan ƙasa, na ruwa, na sama ko rundunar Marin a matsayin kurtu sai ya bi ta ɗayansu. Kafin ya je, yana cike fom mai lamba DD 2807-2 tare da jami'in ɗaukar kurata, inda ake tambayarsa duk wani ciwo, tiyata ko magani da ya taɓa sha. A cibiyar ana auna gani da ji, tsayi da nauyi, a ɗebi jini da fitsari, a sa shi ya tuɓe ya rage gajeren wando ya yi ta lanƙwasa gaɓoɓi, har da wata tafiya a tsugune da suke kira tafiyar agwagwa, don a ga ko gwiwa da idon sawu na da ƙwari.

Likitan nan ba shi da ikon tausayi. A gabansa akwai kundin ƙa'idoji na ma'aikatar tsaro mai lamba 6130.03, wanda ya jera ɗaruruwan larurori. Idan abin da ya gani a jikinka ko a takardunka yana cikin kundin, dole ya rubuta ba ka cancanta ba, ko da a ransa ya san za ka iya tsere da doki. Wani lokaci hanin na ɗan lokaci ne, kamar wanda bai gama warkewa daga tiyata ba, ko mai nauyin da ya wuce kima. Wani lokaci kuma a rubuta "hani na dindindin". Wannan kalma ta "dindindin" ita ce ke karya wa matasa da yawa gwiwa, su tattara su koma gida. Ma'anarta kawai ita ce larurar ba irin wadda jira zai goge ta daga tarihin mutum ba ce. Ba ta nufin magana ta ƙare.

Hannu na biyu shi ne rundunar da mutum ke son shiga. Kowace runduna tana da ofishin likitocinta da ke duba fayil ɗin wanda aka hana, su yi wa kansu tambaya ta daban: mun ji yana da wannan tarihi, to amma shi wannan mutumin, a yadda yake yau, za mu iya ɗaukar kasadar sa? Idan suka ce e, sai su ba da takardar sassauci, wadda a bakinsu ake ce wa weba. Takardar ba ta cewa mutum lafiyarsa ƙalau. Cewa take yi rundunar ta san da larurar, ta kuma yarda ta ɗauke shi a haka.

Abubuwa biyu na biyo bayan wannan. Sassauci ba haƙƙi ba ne da za a je kotu a nema. Mai nema ma ba shi ke aika buƙatar da kansa ba, sai ta hannun jami'in ɗaukar kurata. Sannan tunda kowace runduna da ma'auninta, wanda sojan sama suka ƙi yana iya zuwa wajen sojan ƙasa su karɓe shi da fayil ɗin nan guda.

Abin da kundin ke tsoro

Idan mutum ya karanta jerin zai yi mamakin ƙananan abubuwan da ke ciki. Asma bayan cika shekara 13. Ciwon ƙaiƙayin fata mai tafiya yana dawowa. Raunin gani da ya wuce lamba 8 a ma'aunin gilashi. Shan maganin ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da kasa tattara hankali, a 'yan shekarun baya-bayan nan. Jinyar ciwon damuwa cikin shekara uku da suka wuce. Jikin da ke tashi da ƙarfi idan an ci gyaɗa ko kifi. Kafaɗar da ta saba gocewa.

A zaman gida ko aikin ofis, babu ɗaya daga cikinsu da zai hana mutum neman abincinsa. Amma mai rubuta kundin ba gida yake hange ba. Yana hangen yaro ne a cikin ƙura da hayaƙi da takunkumin kare iska mai guba a fuska, abin shaƙarsa ya ƙare, asibiti mafi kusa kuma sai an tashi jirgi. Yana hangen abincin leda da ake raba wa kowa iri ɗaya, ba mai tambayar wa ke cin gyaɗa. Ciwon fata da ba ya damun mai wanka sau biyu a rana yana iya zama gyambo a jikin wanda ya kwana goma cikin kaki da rigar sulke. Soja ɗaya da ya faɗi kuma ba shi kaɗai ya faɗi ba, sai an cire wasu daga bakin daga su ɗauke shi.

Akwai kuma lissafin kuɗi, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Horar da kurtu ɗaya na cin dubban daloli, kuma idan ya kasa a watannin farko kuɗin sun bi ruwa. Bayan haka dokar Amurka ta ɗauka cewa duk larurar da ba a rubuta ba ranar shiga, to da lafiya aka shigo, sai in gwamnati ta kawo hujja ƙwaƙƙwara akasin haka. Ke nan ciwon da ya ɓuya a ƙofa yana iya zama diyyar da ma'aikatar tsofaffin sojoji za ta yi ta biya har ƙarshen ran mutum. Wannan na daga dalilan da suka sa suke son a rubuta komai tun farko.

Kwamfutar da ta tona asiri

Shekara da shekaru tsarin nan ya rayu ne a kan wata ƙarya da kowa ya sani. Likitan MEPS ba shi da hanyar sanin tarihin mutum sai abin da ya faɗa da bakinsa. Jami'an ɗaukar kurata kuwa ana auna su ne da yawan mutanen da suka kawo a wata. To me ake tsammani? Sanannen abu ne a tsakanin tsofaffin sojoji cewa akan ja yaro gefe a ce masa duk tambayar da aka yi masa ya amsa da a'a. Asmar da ta tashi sau ɗaya yana ɗan shekara 14, ko ƙwayar da ya sha wata shida bayan rasuwar mahaifiyarsa, sai su bi iska.

A watan Maris na 2022 aka haɗa cibiyoyin da wani rumbun bayanan lafiya mai suna MHS Genesis, wanda ke janyo bayanai daga asibitocin farar hula da shagunan magani. Yanzu kafin yaro ya buɗe baki likita ya riga ya ga maganin da aka taɓa rubuta masa yana aji uku na sakandare. Abin da ake binnewa a da ya koma fayil, kowane fayil kuma na buƙatar takardu, kowace takarda na cin makonni. Jami'an ɗaukar kurata suka yi ta kukan cewa matasa na gajiya da jira su tafi su kama wani aiki.

Abin ya zo a mummunan lokaci. A shekarar kuɗi ta 2022 sojan ƙasa sun nemi kurata 60,000, suka gaza da kusan 15,000. A 2023 ma ba su cika ba. Ga kuma wani bincike na ma'aikatar tsaron na 2020 da ya nuna kashi 77 cikin 100 na matasan ƙasar 'yan shekara 17 zuwa 24 ba za su cancanta ba in babu sassauci, saboda ƙiba, lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, shaye-shaye da makamantansu. Ƙasar da ta daina tilasta shiga soja tun 1973 ba ta da wata rijiya da za ta ɗebo mutane sai wannan.

Sai suka fara kwance igiya. A 2022 aka ƙaddamar da wani shirin gwaji da ya taƙaita wa'adin larurori 38, ta yadda wanda ya daɗe da rabuwa da abin zai wuce ba sai an nema masa sassauci ba. A watan Agusta na shekarar sojan ƙasa suka buɗe wani kwas na share fage a Fort Jackson da ke jihar South Carolina, inda masu ƙiba ko masu ƙarancin maki a jarrabawar shiga ke yin har kwana 90 suna gyara kansu. Wani bita da ofishin babban sufeton ma'aikatar ya yi ya nuna cewa a 2021 da 2022 an amince da kusan uku cikin huɗu na buƙatun sassaucin lafiya da aka duba. Saboda haka idan aka ce yawan sassauci ya ƙaru, ya kamata a tambaya: matasa ne suka ƙara lalacewa, ko kuwa abin da ake ɓoyewa ne ya fito fili? A ganina na biyun ya fi rinjaye.

Masu cewa a tsaurara, masu cewa a sassauta

Masu son a tsaurara suna da tarihin da suke nunawa da yatsa. A 1966, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, sakataren tsaro Robert McNamara ya buɗe ƙofa ga mutanen da a da ake mayarwa gida, akasarinsu saboda faɗuwa jarrabawar shiga, kaɗan kuma saboda lafiya. An ɗauki kimanin 350,000 kafin a rufe shirin a 1971, kuma sun mutu a fagen daga fiye da takwarorinsu nesa ba kusa ba. Ko a 2017, da jaridar USA Today ta ba da labarin cewa sojan ƙasa sun buɗe hanyar sassauci ga masu tarihin yi wa kansu rauni da wasu larurorin ƙwaƙwalwa, sanata John McCain ya tayar da ƙura, rundunar kuma ta ja da baya cikin 'yan kwanaki. Hujjarsu ita ce: duk lokacin da aka matsu da neman mutane, ma'auni ne ke shan wahala, talakan kurtu kuma shi ke biya da jikinsa.

Ɗaya ɓangaren na cewa kundin ya tsufa. Yara a yau an fi kai su wajen likita, an fi gano ADHD da damuwa, an fi rubuta musu magani. Hukunta wanda ya nemi taimako, alhali wanda ya danne nasa ciwon ya wuce salin-alin, koya wa iyaye ne su guji asibiti. Suna kuma nuna wani nazari da cibiyar bincike ta RAND ta wallafa a 2021 kan sojan ƙasa, wanda bai samu cewa masu tarihin ADHD ko damuwa da aka ɗauka sun fi sauran lalacewa a dukkan ma'aunai ba. Wani abin da ke ba su haushi shi ne cewa sojan da ya kamu da irin wannan larura yana cikin aiki galibi ana ba shi magani ya ci gaba, amma na bakin ƙofa ana korar sa a kanta.

To ina matakin Hegseth ya faɗa? Ya raba larurorin gida biyu. Akwai waɗanda aka haramta wa sassauci kwata-kwata, irin su gazawar zuciya mai tsanani, taɓin hankali na sikizofireniya da ake kan jinyarsa, dashen gaɓa kamar ƙoda, da yunƙurin kashe kai cikin wata 12 da suka wuce. Akwai kuma waɗanda sai sakataren rundunar da kansa ya sa hannu, kamar rashin ido ɗaya, hannu ko ƙafa, ko mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji. Duk wanda ya san aikin zai gaya maka da ma can da wuya ƙwarai mai irin waɗannan ya samu shiga. Asma, gilashi, tsohuwar karaya da ADHD, waɗanda ke cika teburin masu duba fayil kullum, ba su cikin jerin haramcin. Amon sanarwar ya fi cizonta.

Inda abin ya taɓa namu

Kafin komai, a kawar da wata yaudara. Ba a shiga sojan Amurka daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi ta hanyar cike fom a intanet, rundunar kuma ba ta nema wa kowa biza. Sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin da ke zaune a can. An taɓa yin wani shiri mai suna MAVNI daga 2009, da ya ɗauki baƙi masu wasu harsuna, Hausa na cikinsu, amma an daina karɓar mutane a cikinsa tun 2016. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya "shigar" da kai, ɗan damfara ne.

Ga wanda ke can kuwa, tambayar da ta fi yawa ita ce ta jini. Mai cutar sikila, wato SS ko SC, ba ya cancanta. Amma mai AS, wanda ke ɗauke da ƙwayar gadon kawai, ba a hana shi shiga, ba ya ma buƙatar sassauci. Ana dai gwadawa don a sani. Sojan ƙasa sun fara gwada duk kurata a 2020. Dalilin damuwar tsohon bincike ne na 1987 da ya nuna masu AS sun fi faɗuwa matattu farat ɗaya a lokacin horo mai tsanani. Daga baya, bayan an tsaurara dokokin shan ruwa da hutu a lokacin zafi, wani nazari na 2016 a kan sojoji baƙar fata kusan 48,000 bai ga ƙarin mace-mace ba, sai dai ƙarin haɗarin narkewar tsoka idan an wuce gona da iri. Don haka mai AS da ya ji ƙafafunsa sun ɗaure a tsakiyar gudu, ba lokacin nuna jarumta ba ne.

Ciwon hanta nau'in B ya fi zama tarko, domin ya yawaita a Afirka ta Yamma kuma mutum na iya ɗauke da shi tun yana jariri bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Wanda ke ɗauke da shi na dindindin ba ya cika ƙa'ida. Sai tarin fuka: allurar BCG da ake yi wa jarirai a ƙasashenmu, mai barin tabo a dantse, tana iya sa gwajin fata ya nuna kamar akwai cutar. Gwajin jini da hoton ƙirji ne ke raba gardama, kuma wanda aka taɓa ba shi maganin tarin da ke kwance a jiki, takardar shaidar ya kammala shan sa tana da daraja.

Wani abu kuma, ko da yake ya fi shafar wanda ya riga ya shiga: ƙurajen aski, da ke addabar maza masu murɗaɗɗen gashi. A da likita kan ba soja takardar barin ɗan gemu. A 2025 aka ba da umarnin cewa wanda ya haura shekara guda yana buƙatar wannan takarda a duba batun sallamar sa. Matashin da reza ke yi wa fuska kaca-kaca ya kamata ya san da wannan kafin ya sa hannu.

Babban abin lura shi ne wannan. Genesis ba ta ganin katin asibitin Zinder ko na Tamale. Yaron da ya girma a Amurka da inshora, komai nasa a rubuce yake, shi ne kwamfuta ke kamawa. Wanda ya zo yana ɗan shekara 16 kuwa fayil ɗinsa fari fat, kuma shaiɗan zai raɗa masa ya yi shiru. Amma jiki ba ya rufa asiri. Tabon tiyata yana nan, ƙarfen da aka sa a ƙashi zai fito a hoto, asmar da ta yi barci kuma takan farka a makon farko na gudu cikin sanyi. Idan aka gano, mafi sauƙi shi ne a sallame shi a matsayin mai ciwon da ya shigo da shi. Mafi muni a tuhume shi da shiga soja ta hanyar yaudara, laifin da a dokar soja ke iya kai wa ga ɗaurin shekara biyu da kora ta wulaƙanci. Ga baƙo asarar ta ninka, domin da yawa sun shiga ne don hanzarta samun takardar zama ɗan ƙasa, kuma wannan hanya na buƙatar rundunar ta shaida cewa mutum ya yi aiki da mutunci.

Shi kuma mai gaskiyar yana da tasa wahalar. Ya ce an taɓa yi masa aikin ƙaba ko an ɗaure masa karaya a gida, sai a ce ya kawo rahoton likita. Ina zai samo shi, idan asibitin ya yi ambaliya, ko kuwa maɗorin gargajiya ne ya yi aikin? Idan takardar ta samu kuma da Faransanci take, sai an fassara. A irin wannan hali abin da ke cike gurbin tsohuwar takarda shi ne sabon gwaji: hoton ƙashi na yanzu, gwajin ƙarfin huhu ga mai tarihin asma, wasiƙar ƙwararren likita da ta faɗi ƙarara cewa babu magani, babu wani aikin da aka hana shi. Idan MEPS ce ta tura mutum wajen ƙwararre, gwamnati ke biya. Idan shi ya je da kansa don ƙarfafa fayil ɗinsa, daga aljihunsa ne.

Bayan an aika fayil

Jiran na iya zama kwanaki, yana iya zama watanni, gwargwadon larurar da cikar takardu. Masu dubawa ba sa ganin fuskar mai nema, takarda kawai suke gani, don haka shaidar cewa mutum ya shekara biyu yana buga ƙwallo ko yana aikin ɗaukar kaya a sito ba tare da magani ba ta fi dogon roƙo amfani. Kuskuren da wasu ke yi shi ne yanke shan magani da kansu don agogon wa'adi ya fara bugawa. Ban da haɗarin da ke ciki, likitan da ke duba fayil zai ga ranar da aka daina karɓar maganin ba tare da sa hannun wanda ya rubuta shi ba.

Idan amsa ta zo da e, ba lallai ta buɗe kowace ƙofa ba. Aikin tuƙa jirgi, nutso ko dirowa da lema suna da nasu gwajin da ya fi tsanani, kuma wanda ba ya bambance launuka zai tarar an rufe masa sana'o'i da dama ko da an ɗauke shi. Idan kuma ta zo da a'a, ana iya sake aikawa in an samu sabuwar hujjar likita, ko a ɗauki fayil ɗin a ƙwanƙwasa ƙofar wata rundunar. Lokaci ma na da tasiri: sojan ƙasa sun cika adadin 55,000 da suka nema a 2024, a 2025 kuma suka kai 61,000 tun watan Yuni, wata huɗu kafin shekarar kuɗi ta ƙare. Fayil ɗin da aka yi wa maraba a 2023, lokacin da ake neman mutane ido rufe, yana iya tarar da teburin ya cika a shekarar da layi ya yi tsawo.